Ranar da Google ya ce ma Caina a'a: abun da ya rasa da waɗanda suka biya kuɗin

Duk ɗan Maraɗin da ya taɓa tahiya Gwanzu sarin kaya ya san abun da zan faɗa. Ka sauka daga jirgi, ka isa otal ka kama wifi, sai ka ga wayar da ka taho da ita daga gida ta yi shiru a hannunka, Gmail ba ya buɗewa, YouTube ba ya buɗewa, taswirar Google ba ta nuna maka hanya, ko Play Store da za ka sauke wata manhaja ba ya motsi. Kuma abun da ya fi ɗaure kai, wayar nan Tecno ce ko Infinix, kamfanin da ke ƙera ta a Shenzen yake, nan kusa da Gwanzu ɗin, amma a Maraɗi tana aiki sumul, a ƙasar da aka yi ta kuma rabin abun da ke cikinta a kulle yake.

Ni ina riƙe ma ubangidana lissahi ne a shagon wayoyi da kayan gyaransu nan babbar kasuwa, kuma tahiyata ta farko tare da shi na yi ta. Daren da muka isa yana zaune bakin gado yana ta danna waya, sai ya ɗago ya ce min, "Kai yaro, kai da ka yi lakkol, mi ya haɗa Sinuwa da Google ne haka?" Na ce "Alhaji wallahi faɗa suka yi tun da daɗewa, amma in mun koma zan binciko maka tushen abun." Tun daga nan nake bin maganar, kuma mun sha yin gardama a kanta a fada wajen shayi, wasu su ce kamfanin jarumta ya yi da ya janye shafin bincikenshi daga Caina, wasu su ce wauta ce ɗan kasuwa ya yi fushi da kasuwa. Ni abun da na gano ya ɗan bambanta da duka biyun, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi tun daga farko.

Google bai shiga Caina da faɗa ba, da lallami ya shiga. Watan Janairu 2006 ya buɗe google.cn, kuma ya yarda da sharaɗin gwamnati cewa zai riƙa tace sakamakon bincike, wato in mutum ya nemi abun da ya faru a dandalin Tiananmen na Bejin a 1989, lokacin da sojoji suka murƙushe zanga-zangar ɗalibai, ko maganar Tibet, ko ƙungiyar Falun Gong da gwamnati ta haramta, ba zai ga abun da mu muke gani ba. Abu guda da suka yi na daban shi ne suna rubuta sanarwa a ƙasan shafi cewa an cire wasu sakamako saboda dokar ƙasa, aƙalla mutum ya san an ɓoye mishi wani abu. Hujjarsu lokacin ita ce rabin ilimi ya fi babu. A Amurka sun sha suka sosai, watan Fabrairu na shekarar majalisa ta kira su tare da Yahoo da Microsoft da Cisco aka wanke su tas, don lokacin maganar ɗan jaridar nan Shi Tao tana da zafi, wanda aka ɗaure shekara 10 bayan Yahoo ya miƙa bayanan imel ɗinshi ga hukuma.

Sun yi shekara huɗu a haka, ƙarƙashin Kai-Fu Lee har ya bar aikin a Satumba 2009, kuma zaman bai taɓa yin daɗi ba. An toshe YouTube a Maris 2009, a Yuni kuma talabijin ɗin gwamnati ta fito ta zarge su da yaɗa batsa aka tilasta musu kashe wasu abubuwa a shafin. Duk da haka kasuwa na ci. Ƙarshen 2009 Google na riƙe da kusan kashi 35 cikin 100 na kuɗin da ake samu a harkar bincike a Caina, Baidu, shafin bincike na 'yan gida, yana da kusan kashi 58. Ka riƙe wanga adadi da kyau don mutane da yawa suna cewa wai dama Google ya riga ya faɗi ne ya fake da maganar 'yanci ya gudu. Wanda ke da kashi ɗaya cikin ukku na kasuwar mutum miliyan 384 masu hawa intanet bai faɗi ba, a nan Maraɗi in kana da kashi ɗaya cikin ukku na cinikin waya ai kai ne ake gaisarwa da rusunawa.

Abun da ya fasa tulun a Disamba 2009 ya faru. Aka yi musu kutse mai zurfi cikin na'urorinsu, aka saci wasu sirrin aikinsu, da suka bi sawu suka ga daga Caina abun ya hito, kuma ba su kaɗai ba, aƙalla manyan kamfanoni 20 aka taɓa. Suka kuma gano masu kutsen akwatunan Gmail na 'yan rajin kare haƙƙin ɗan Adam na Caina suke nema. Ranar 12 ga Janairu 2010 babban lauyan kamfanin David Drummond ya fitar da sanarwa cewa ba za su ƙara tace komi ba a google.cn, in gwamnati ta yarda su yi aiki a haka to, in ba ta yarda ba a shirye suke su rufe. Ance cikin gida ma kawuna sun rabu, Eric Schmidt da ke shugabanci yana son a zauna, Sergey Brin kuma wanda aka haifa a Mosko iyayenshi suka bar Tarayyar Sobiyet da shi yana ɗan shekara shida, shi ya tsaya kai da fata. Ni na yarda da gaske yake, mutumin da ya tashi gidan da aka san tsoron hukuma ba sai an yi mishi bayani ba. 'Yan Caina da yawa sun je ƙofar ofishin Google a Bejin sun ajiye furanni, masu gadi suna kwashewa.

Sai dai kwana tara bayan sanarwar Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, ta yi jawabi kan 'yancin intanet ta ambaci maganar, kuma a ganina wannan ya ƙara rufe ƙofar sasantawa, don daga nan Bejin ta daina kallon abun a matsayin rigima da kamfani, ta mai da shi rigima da Amurka, kuma ba gwamnatin da za ta so a ga ta durƙusa a bainar jama'a. Ranar 22 ga Maris 2010 Google ya juya duk mai shiga google.cn zuwa shafinshi na Hongkong inda ba a tacewa. Dabara ce, amma dabarar ba ta hana komi ba tunda katangar intanet ta gwamnati tana tsakani, ka rubuta kalmar da ba a so sai shafin ya yanke. Ko wata huɗu ba a yi ba mutanen Google suka sassauta, suka daina juya mutane kai tsaye suka sa wani shafi da sai ka danna da hannunka, don a sabunta musu lasisi, aka kuwa sabunta a Yuli.

To yanzu lissahi, wanda shi ne aikina.

In ka duba littahin shekarar kaɗai, asarar ba ta kai ta kawo ba. A 2009 Google ya samu dala miliyar 23.6, dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta sefa biyar ba, miliyar kuma shi ne biliyan a bakin 'yan uwanmu na Najeriya. Abun da Caina ke kawowa a ciki masu hasashe sun sa shi kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100. Kamar Alhajin da ke da shaguna hamsin ne ya rufe guda. Shi ya sa nake ce ma abokaina masu kiran abun jarumta zalla su sassauta, matakin yana da kyau kuma ina girmama shi, amma mai ƙoshi ne ya yi azumin, kamfanin da rabin cinikinshi ke Caina ba zai iya furta wannan a'ar ba ko da zuciyarshi na so.

Amma masu cewa bai rasa komi ba su ma sun yi kuskure, don ba cinikin ranar ya bari ba, rumfa ya bari, kuma duk ɗan kasuwa ya san rumfa ta fi cinikin yini. Wata ukku na farkon 2010 kaɗai kasonshi ya sauko daga 35 zuwa wajen 31, na Baidu ya hau 64. Daga nan gangara ce kawai, don shafin Hongkong ɗin yana nauyi yana yankewa, kuma mai neman inda zai sayi tikitin jirgin ƙasa ba ruwanshi da siyasa, wanda ya buɗe da sauri shi zai bi. Zuwa 2013 wasu ƙididdiga na nuna bai kai kashi 2 ba a yawan masu amfani. Baidu kuwa faɗuwa ta zo mishi daidai da zama, kuɗin da ya samu a 2009 yuwan (kuɗin Caina) miliyar 4.4 ne, 2010 ya kai 7.9, 2011 ya kai 14.5, 2012 ya wuce 22, farashin hannun jarinshi kuma ya ninka fiye da biyu a 2010 kaɗai. Kasuwar kanta da ke da mutum miliyan 384 lokacin da aka fita, zuwa 2021 ta haura mutum miliyar guda.

Abokan hulɗa ma ba su jira an kore su ba. An ɗage ƙaddamar da wayoyi biyu na Samsung da Motorola masu Android da za a yi tare da kamfanin layin waya na China Unicom, daga baya China Unicom ɗin ya cire binciken Google daga wayoyinshi, shafin Tom Online ma ya sauke shi. Ba wanda ke son a gan shi tsaye kusa da wanda sarki ke fushi da shi. Shagon waƙoƙi na kyauta da Google ya buɗe don jan matasa an rufe shi a 2012. A Yuni 2014, gab da cika shekara 25 da abun Tiananmen, aka toshe kusan duk ayyukan Google, a Disamba kuma aka ƙarasa Gmail har ta hanyoyin da mutane ke zagayawa su karanta saƙo ta wasu manhajoji.

Babbar asarar a wurina, kuma ita ce wadda ba a cika faɗa ba, tana cikin wayar hannu. A 2010 mutane da yawa da kwamfuta suke hawa intanet, ba wanda ya ga girman abun da ke tahe sosai. Android na Google ne, kuma kyauta yake ba masu ƙera waya, ribarshi tana zuwa ne ta Play Store da bincike da taswira da talla da ke zuwa a cikin wayar. To yau mafi yawan wayoyin Caina a kan Android aka gina su, amma babu Play Store, Xiaomi da Oppo da Vivo da Huawei da Tencent kowa da nashi shagon manhaja, su ke yankar kasonsu a kan wasanni da duk abun da aka saya. Wato Google ya noma gonar, ya ba da iri, wasu ke girbi a kasuwar waya mafi girma a duniya. Mu da ke sayar da waya mun fi kowa gane zafin wannan, don mun san ba a jikin waya riba take ba, a abun da ke biyo bayanta take.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin littahin kowa, kuma saboda su ne na damu da labarin. Google ba shi ke bi shago shago yana sayar da talla a Caina ba, dillalai ne 'yan ƙasa suka ɗauki ma'aikata suka kama ofis suka karɓi kuɗin mutane tun kafin a yi aiki. A Maris 2010 wata wasiƙa ta hito da sunan dillalai 27 suna tambaya wa zai biya su, ya za su yi da ma'aikatansu da kuɗin da masu talla suka riga suka ajiye. Ba wanda ya shawarce su kafin a yi sanarwa. Da na karanta wannan sai na tuna 2019 da Najeriya ta rufe iyaka, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, manyan alhazai sun ji jiki amma suna da jari suna da wasu hanyoyi, waɗanda suka rasa abun sawa a tukunya su ne 'yan dako da direbobi da 'yan kamasho da mata masu sayar da abinci a tasha. Haka abun yake in manya sun yanke shawara, ko shawarar mai kyau ce.

Sannan masu amfani da intanet ɗin su kansu. Malaman jami'a da ɗalibai da likitoci da ke neman rubuce-rubucen waje sai da VPN, manhajar zagaye katangar intanet, wanda ba kowa ke da shi ba. Talaka kuma ya koma hannun kamfani guda da ba shi da abokin gasa na ƙwarai. A 2016 wani ɗalibi ɗan shekara 21 mai ciwon daji ya rasu bayan danginshi sun kashe kuɗi masu yawa a wani magani da ya samo ta sakamakon Baidu, ashe talla ce aka biya aka ɗora a sama, abun ya tada ƙura har hukuma ta tilasta ma kamfanin sauya yadda yake jera tallan asibitoci. Ba zan ce da Google na nan da hakan bai faru ba, wannan sai Allah, amma kasuwar da mai rumfa ɗaya ke cin karenshi ba babbaka mun san yadda take ƙarewa ga mai saye.

Tacewar da aka yi faɗan dominta kuwa ko gezau ba ta yi ba, ƙaruwa ma ta yi. Facebook da Twitter dama a toshe suke tun 2009, WhatsApp ya bi su a 2017, kuma ba wani babban kamfani da ya bi bayan Google ya fita a lokacin. Microsoft ya zauna da shafin bincikenshi na Bing yana tacewa. Apple ya cire manhajojin VPN daga shagonshi na Caina a 2017, ya mai da ajiyar bayanan 'yan Caina hannun wani kamfani mai alaƙa da gwamnatin lardin Guizhou a 2018, kuma a 2022 ya yi cinikin dala miliyar 74 a yankin Caina da Hongkong da Taiwan. Wannan shi ne ladan biyayya in ana maganar kuɗi. Sai dai biyayyar ma ba kullum take fisshe ka ba, LinkedIn ya shiga a 2014 ya bi duk sharaɗi har yana ɓoye shafukan wasu 'yan jarida, duk da haka a 2021 ya naɗe tabarmarshi, Yahoo ma ya bi shi a shekarar.

Abun da ya tabbatar min cewa asarar ta yi ma Google ciwo shi ne yadda ya yi ta zagayen gidan yana neman ƙofa. Ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Bejin ƙarshen 2017, ya zuba dala miliyan 550 a kamfanin JD.com mai sayar da kaya ta intanet a Yuni 2018, sai kuma a Agusta 2018 jaridar The Intercept ta tona cewa a ɓoye ana gina wata manhajar bincike mai suna Dragonfly wadda za ta yi tacewar nan dai da aka ce an rantse ba za a ƙara ba. Wannan karon ba Bejin ce ta hana ba, ma'aikatan kamfanin ne, wajen 1,400 suka sa hannu a takardar ƙorafi, wasu suka ajiye aiki, 'yan majalisa suka taso, a Yuli 2019 wani jami'in kamfanin ya shaida ma majalisar dattawan Amurka cewa an kashe aikin. Ka ga a'ar da suka faɗa a 2010 ta zama alkawarin da duniya ta riƙe su da shi, fita ta yi sauƙi, komawa ta gagara ta ɓangare biyu. A 2022 ko manhajar fassara da ta rage musu a can sun rufe ta, suka ce masu amfani da ita sun yi kaɗan.

Mu nan abun ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Bayan zaɓen Fabrairu 2021 an yanke intanet ɗin waya a Nijar wajen kwana goma, kowa ya tuna yadda ciniki ya tsaya, mai jiran hoton kaya daga Kotonu ko Dubai sai dai ya yi ta kiran waya. Maƙwabtanmu kuma sun toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 bayan ya goge wani saƙon shugaba Buhari, ƙarshenta kamfanin ne ya amince da sharuɗɗa, yin rajista a ƙasar da biyan haraji, sannan aka buɗe. Bambancin shi ne Najeriya ba ta da wani nata da zai maye gurbin, Caina kuwa tana da Baidu yana tsaye a bakin ƙofa, kuma wannan ne ya sa ta iya cewa Allah raka taki gona ba tare da ta ji komi ba.

Google dai bai talauce ba, uwar kamfanin, wato Alphabet, ta yi cinikin dala miliyar 350 a 2024, ya ninka na 2009 fiye da sau goma sha huɗu. Kuma har yau yana cin kuɗin Caina ta wata hanya, don masana'antun can da masu wasannin waya da irin su Temu da Shein duk suna son mu da ke waje mu ga kayansu, kuma wajen Google da YouTube suke sayen talla, ofisoshinshi na can ma wannan aikin na cikin abun da suke yi.

Na ga wannan da idona a tahiyarmu ta baya. Wani mai kawo mana gilashin waya da caja, saurayi ne bai fi ni shekaru ba, muna zaune a ofishinshi ya kunna VPN a kwamfuta ya nuna mana tallan kamfaninshi da ke hitowa in mutum ya yi bincike daga Afirka, ya ce duk wata sai ya biya, don ta nan sabbin masu saye ke samunshi. Na tambaye shi ko ya taɓa amfani da Google lokacin da yake a buɗe, ya ce yana yaro lokacin, yayanshi ne ya san shi. Alhaji ya sa na fassara mishi duka, ya yi shiru, sannan ya miƙo min wayarshi ya ce in duba WeChat ɗin ko faktir ɗin kwantenar ta shigo, don yana son a biya kafin a rufe banki.